Sulhun da Muka Yi wa Kansiloli

Gidan da muka fi daɗewa a cikinsa a Landan yana Thamesmead, kuma a ƙasa yake. Ƙofar gaba tana buɗewa kan titi, ta baya kan ɗan fili, bayan filin sai lambatu. Tsofaffin gine-ginen unguwar duk ɗaga su aka yi sama, gareji ne a ƙarƙashinsu, domin waɗanda suka zana su sun san fadama aka cike aka kafa wurin. Layinmu daga baya aka gina shi, aka dasa shi a ƙasa. Mu kuwa abin da muke nema ke nan. Maiɗakina tana fama da gwiwa tun bayan haihuwar autarmu, matakala ta zame mata azaba. Ranar da aka ba mu mukulli ta shiga ta gaba ta fita ta baya ba tare da ta dafa bango ba, ta juyo ta ce mini ita ta iso, daga nan sai makabarta.

Ni direban bas ne har na ajiye aiki. Karatuna bai yi nisa ba, amma aikin ya koya mini cewa kowace tasha tana da wadda take gabanta da wadda take bayanta, ba a tsallakewa. Haka zan bi labarin nan.

Da farko lambatun. Ruwan saman da ya sauka a unguwar da ke gabashinmu duk nan yake biyowa. Ya wuce ta bayan gidajenmu, ya shige wani kwalbati mai ragar ƙarfe a ƙarshen layi, ya faɗa tafki, daga tafki injina su ɗaga shi zuwa kogi. Matsalar ita ce wurin yana kan iyakar ƙananan hukumomi biyu, waɗanda a nan muke kira kansil. A ƙasar nan manyan jam'iyyu biyu da launi ake gane su, ja da shuɗi. Saman lambatun yana hannun kansil ɗin masu shuɗi. Kwalbatin da layinmu suna hannun ta masu ja.

Sai ruwan ya fara canza hali. Mun zo mun tarar da ruwan Landan yayyafi ne, ya wuni yana tsiyaya, mutum ya sa lema ya tafi harkarsa. Daga baya ya koma irin na watan Agusta a gida. Zafi ya yi kwanaki, sama ta haɗe, ya sauko gaba ɗaya kamar da bakin ƙwarya. Rediyo tana cewa sauyin yanayi ne. Wata la'asar lambatun ya tumbatsa, ya mamaye filin baya, ya ɗauki robobin da maiɗakina ta shuka alayyafo da rama a ciki yana yawo da su, ya hau har bakin ƙofa ya tsaya. Bai shigo ba. Amma ya bar layi a jikin bango, kuma daga ranar ba ta ƙara jin tsawa ta zauna lafiya ba.

Maƙwabcinmu na jikin bango dattijo ne mutumin Kumasi, yana sayar da yadi a kasuwar Woolwich. Ya girme ni, ina ce masa Alhaji, shi kuma Direba yake kirana har yau. Hausarsa ta zango ce, mace da namiji duk "ya" ne a bakinsa. Shi ya ce mu je taron mazauna unguwa da za a yi, tunda an gayyaci kansila ɗaya daga kowane ɓangare.

Na shuɗi tsoho ne dogo mai jan fuska, a da yana da shagon kafet. Ta ja gajeriya ce, tsohuwar malamar makaranta, muryarta kamar ta mai kiran fasinja a tasha. Maganar lambatu ma ba a kai gare ta ba. An fara da haraji, aka koma kan gidajen haya, sai wuri ya kaure. Ta nuna shi da yatsa ta ce mutanensa ba su taɓa kwana cikin sanyi ba, shi ya sa ba su san tausayi ba. Ya miƙe ya ce ita da mutanenta sun iya rabon abin da ba su suka nema ba. Ta ce ya zauna kafin ya faɗi. Ya ce ya gwammace ya faɗi da ya ƙara sauraronta. Turawan ɗakin suna ta dariya da tafi. Mu ba mu yi dariya ba. A inda muka taso, idan dattijo da dattijuwa suka yi wa juna haka a bainar jama'a, abin ya wuce siyasa, 'ya'yansu ma ba za su ƙara gaisawa ba.

A hanyar komawa, da muka sauko daga gadar ƙafa, Alhaji ya dube ni.

"Direba, wannan gaba ne," in ji shi. "Ruwa yana fitowa wurin tsohon, yana shiga wurin matar. In ba su magana, ɗakinka ne zai sha shi."

Na ga gaskiyarsa. Muka yanke shawarar yi musu sulhu.

Sulhu yana da tsari, na kuma gan shi tun ina ƙarami lokacin da mahaifina ya shiga tsakanin wasu mahauta biyu a garinmu. Ana fara zuwa wurin kowa shi kaɗai a ji ta bakinsa. Abin da aka ji a nan ba a kai shi can. Sannan a haɗa su a gidan wani na uku, ba tare da an ba su damar ƙin zuwa ba. A ci abinci tukuna kafin a ce komai. Babba ya yi nasiha, ƙarami a cikinsu ya fara neman gafara, a yi musafaha, a shafa addu'a.

Kowane kansila yana da Asabar ɗin da yake zama yana sauraron koken jama'a. Muka fara da tsohon. Alhaji ya sa babbar riga, ni ne mai fassara. Bayan doguwar gaisuwar da ta sa mutumin duban agogo, na tambaye shi a hankali yadda yake ganin takwararsa. Ya ce matar nan ba ta taɓa yin daidai a kan komai ba tun da ya san ta, kuma ya daɗe da saninta. Asabar ta gaba muka je wurinta. Ta ce kan tsohon nan ya fi dutse tauri, da za a bar mata shi da tuni ta kai shi gidan ajiye kayan tarihi. Da muka fito Alhaji ya girgiza kai, ya ce abin ya yi zurfi fiye da yadda ya zata.

Muka gayyaci kowannensu cin abincin rana a gidana ranar Lahadi, a kan ya zo ya ga lambatu. Ba mu gaya wa ɗaya cewa ɗayan zai zo ba. Na tsara shi ya iso bayan azahar, ita ta biyo baya da ɗan tazara, don kada su haɗu a bakin ƙofa wani ya juya. Na jera kujeru yadda Alhaji zai zauna a tsakaninsu. Maiɗakina ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe, matar Alhaji ta aiko da wake da shinkafa irin nasu, da baƙin yajin nan mai kifi. Maiɗakina ta tambaye ni in suka kama kokawa a falonta wa zai biya mata kwanukanta. Na ce idan aka bi tsari ba a kai wa nan.

Ina tsaye a taga sai ga wata tsohuwar mota ta tsaya a ƙofa. Tsohon ya fito, ya zagaya, ya buɗe ɗaya ƙofar. Malamar ce ta fito, riƙe da lema da kwalin biskit, tana yi masa faɗa a kan ya ajiye motar a karkace. Na yafito Alhaji ya zo ya gani. Ya daɗe yana kallo.

Ashe ba ta tuƙi. Shekara da shekaru shi yake ɗaukarta zuwa duk taron da ya haɗa su. Har wanda muka ga sun yi wa juna tas, shi ya kai ta, shi ya mayar da ita gida. Tun ranar da muka gayyace su suka gaya wa juna a waya, suka ga babu dalilin ƙona mai sau biyu.

Alhaji ya matso kusa da kunnena ya ce mun sha kunya, a ci abinci kawai a sallame su. Na ce a'a. An dafa, an sa riga, an yi niyya. Abin da aka fara a jere a jere ake gama shi.

Bayan an kwashe kwanuka Alhaji ya gyara murya ya yi nasiha, ina juya ta zuwa Turanci ban rage komai ba. Ya ce musu su manya ne, yara suna kallonsu. Ya ce addininmu bai yarda mutum ya ƙaurace wa ɗan'uwansa ba, yana kuma zaton nasu ma haka ne. Ya ce ɗakin nan da suke zaune a ciki yana tsakanin hannuwansu biyu. Malamar ta danne dariya har ta ƙware, sai da maiɗakina ta miƙa mata ruwa. Shi tsohon bai yi dariya ba. Ya cire tabarau yana gogewa, kunnuwansa sun yi ja.

Da aka zo wurin neman gafara Alhaji ya tambaya wane ne ƙarami. Tsohon ya ce ai kowa ya dube su ya san ita ce babba. Ta ce gara ta mutu da ta faɗi shekarunta a gaban ɗan adawa. Aka tsaya cak, tsari ya maƙale. Maiɗakina ce ta raba gardamar daga bakin ƙofar kicin, ta ce mini in gaya musu shi zai fara, tunda shi ya ajiye mota a karkace. Ya miƙe tsaye ya nemi gafara. Ta ce ta yafe na yau, na gobe sai ta gani. Suka yi musafaha, Alhaji ya yi addu'a, suka sunkuyar da kai har muka shafa.

Sannan tsohon ya mayar da tabarau ya dube mu.

"A kan haraji zan yi faɗa da ita har ranar da za a binne ni," in ji shi. "A kan ruwa ba mu taɓa yin faɗa ba."

Ya ba mu labarin cewa yana yaro, wata hunturu, kogi ya ɓalle ya cika fadamar nan tun ba a gina ta ba, ya shiga gidajen da ke gefenta. Ya tuna mahaifiyarsa tana ɗora su a kan tebur. Ita kuma ta ce ta yi shekaru tana koya wa yara cewa duniya tana ɗumama, ba ta son ta haɗu da su sun girma su tambaye ta abin da ta yi. Suka ce har a majalisar ƙasa jam'iyyunsu sun haɗu sun amince da dokar rage hayaƙi, waɗanda suka ƙi ba su da yawa. Lambatunmu ne kawai bai kai kunnensu ba, kowa yana zaton ofishin ɗaya ɓangaren yana kula da shi.

Maiɗakina ba ta da Turanci sosai. Ta tashi ta buɗe ƙofar baya, ta tsaya har suka biyo ta, ta ɗora yatsa a kan layin da ruwa ya bari a bango. Suka sunkuya suna dubawa, kafaɗarsu tana gogar juna.

Abin da ya biyo baya ya zo a jere, yadda nake so. Suka rubuta takarda ɗaya suka sa hannu su biyu, kowa ya kai wa kansil ɗinsa. Aka yi yarjejeniya cewa ma'aikatan ɓangarorin biyu za su riƙa yashe lambatun a mako ɗaya, kafin lokacin ruwa mai ƙarfi, kuma daga ƙasa za a fara. A buɗe ragar kwalbati tukuna, sannan a hau sama. Dalilin a fili yake. Idan aka fara share sama, ruwa ya sami hanya, zai kwaso duk tarkacen da gudu ya zo ya tarar da ƙofa a rufe. Bayan haka aka faɗaɗa lambatun a bayan layinmu, aka kwantar da gefensa. Daga ƙarshe aka kawo bishiyoyi masu son ruwa, irin masu rassa da ke zubowa ƙasa, aka ce mazauna su fito su dasa.

Alhaji ya ce wannan ai gayya ce, haka kuwa muka riƙa kiranta. Ranar Asabar mukan fito da shebur da takalman roba, 'yan Gana da 'yan Najeriya da Turawan layin da wasu Indiyawa. Su biyun ba sa fashi. Shi yana haƙa rami, ita tana riƙe da dashe, suna gardama a kan kuɗin asibiti ko albashin malamai, murya har ƙarshen layi. Idan ya gaji ya jingina da shebur sai ta ce ga jam'iyyarsa nan, an fara aiki ta tsaya hutawa. Shi kuma ya ce ta riƙe bishiyar a miƙe, ba kowane abu ne ake karkata shi hagu irin siyasar jam'iyyarta ba. Lokacin zaɓe sukan yagi juna a jaridar unguwa, mu karanta, yanzu mu ma mu yi dariya.

Waɗannan shekarun su nake kewa. Ruwa yakan sauko da ƙarfi, lambatu ya cika ya yi ƙara, ya wuce abinsa. Maiɗakina ta sa aka fitar mata da kujera bakin ƙofar baya, nan take wuni idan akwai rana. Ta ƙara robobin shuka, har kabewa ta gwada ta yi. Matan layin ba sa zagayawa ta gaba su danna ƙararrawa, ta filin baya suke biyowa, su yi sallama suna riga sun shigo. Matar Alhaji ta zo da daddawarta, Baturiyar gida na ƙarshe ta zo karɓar ganyen rama da ta koyi ci. Agwagi suka fara sauka a lambatun. Idan na dawo daga aikin safe nakan ji hayaniyarsu tun daga titi, in san shayi ya ƙare a fulas. Ban taɓa ce mata na ji daɗin haka ba. Nakan ce sun cika surutu.

Sai tsohon ya kwanta ciwo, wata hunturu ya rasu. Ni da Alhaji muka je coci muka tsaya daga baya. Malamar ce ta yi jawabi, ta ce ta rasa mutumin da ya fi kowa ɓata mata rai, kuma ba ta san wanda zai riƙa kai ta gida ba. Ba ta sake tsayawa zaɓe ba. Ta koma wurin 'yarta a wani gari na bakin teku.

A lokacin kuma maganar da ake yi a rediyo ta fara canzawa. Ina jinta a bas, ina jinta a gida. Batun yanayi da a da ba a tambayar jam'iyyar mutum a kansa ya koma tuta. Waɗannan suna cewa talaka ba zai iya ɗaukar nauyin gyaran ba, ana tsawwala masa kuɗin wuta da na mota. Waɗancan suna cewa duk mai faɗin haka maƙiyin jikokinsa ne. Kowane ɓangare yana da abin da na ji na ce akwai gaskiya a ciki, kowane kuma yana da abin da na ji na kashe rediyon. Ban ɗauka abin zai sauko har bayan gidana ba.

Yarjejeniyar lambatu tana da wa'adi. Da ya cika ba a sabunta ta ba. Ba wanda ya ce ya soke ta, kowace kansil dai ta koma yin nata a lokacin da ta ga dama. Wata shekara na ga ma'aikatan sama sun zo sun share nasu tas, na taka zuwa ƙarshen layi na tarar da ragar kwalbati cunkushe da ganye da leda. Na buga wa kansil ɗinmu waya aka ce an sa mu a layi. Ni da Alhaji muka ɗauki manjagara muka cire abin da hannu zai kai, amma toshewar tana ciki. Ruwan ya zo kafin layin ya zo kanmu. Da rana tsaka ya shigo ta ƙofar baya, ya bi falo, ya shiga ɗakin kwana. Na ɗora maiɗakina a kan gado, ta naɗe ƙafafu tana kallon takalmanta suna yawo.

Aka cire kafet, aka kawo injin busarwa ya yi makonni yana ƙugi. Ba a gama fenti ba ruwa ya sake shigowa. Ofishin gidaje ya ce za a iya mayar da mu wani bene mai tsawo a Woolwich, can sama, akwai lif mai ɗaga mutane. Maiɗakina ta ce ba inda za ta. Ta ce lif yana lalacewa, kuma ba ta taɓa jin an yi sallama ta taga ba.

Saboda ita na koma wurin Alhaji na ce mu sake yin abin da muka yi. Ya tsufa, yana dogara sanda, amma ya sa babbar rigar. Sababbin kansilolin matasa ne, na ja saurayi, ta shuɗi mace mai 'ya'ya ƙanana. Muka bi tsari. Muka je wurin kowa shi kaɗai. Da na tambayi saurayin yadda yake ganin takwararsa sai ya ce mutuniyar kirki ce. Ita ma ta ce yaro ne mai hankali. Alhaji ya ce alhamdu lillahi, wannan zai yi sauƙi.

Suka zo ranar Lahadi, kowa a motarsa, kowa a kan lokaci. Suka gaisa da fara'a, suka tambayi iyalan juna. Suka zauna a kan siminti da muka shimfiɗa wa tabarma, tunda ba mu mayar da kafet ba. Suka ci tuwo suka yaba, suka ɗauki hoton kwanon, ba su ɗauki na juna ba. Alhaji ya yi nasiha, suna gyaɗa kai a kowace jimla. Da ya tambaye su abin da ke tsakaninsu suka ce babu komai. Ya sake tambaya ta wata hanya, suka sake cewa babu komai. Babu wanda zai nemi gafara, domin ba wanda ya yi wa wani laifi. Sun ga bangon, sun ce abin ba daɗi, kowa ya ce zai rubuta wa kansil ɗinsa. Na ce takarda ɗaya muke so, da hannu biyu. Suka dubi juna suka yi murmushi, suka ce za su duba.

Na raka saurayin mota. Ya rage murya ya kira ni Baba, ya ce zaɓe ya matso, idan aka ga sunansa kusa da nata a takarda ɗaya, mutanensa za su ce ya wanke abokan hamayya. Na dawo na raka ta. Ta ce ita a zuciyarta ta yarda ruwan ya canza, tana da yara, amma idan ta sa hannu a wani abu mai sunan yanayi akwai masu jiran su cinye ta da shi a cikin gidanta na siyasa. Ban ga alamar ƙarya a fuskar ko ɗaya ba. Tsoro na gani.

Na koma ciki na tarar da Alhaji zaune, sanda a tsakanin gwiwoyinsa.

"Direba, masu ihu na san inda zan kama su," in ji shi. "Waɗannan ban ga inda zan sa hannu ba."

Kowa ya rubuta tasa takardar kamar yadda ya yi alkawari, ban hana su wannan ba. An zo an buɗe kwalbatin sau ɗaya. Shekarar da ta biyo baya aka sake share sama kafin ƙasa. Wannan karon ruwan ya zo da laka da wari, ya kai gindin gado, ya kashe firij. Jikanmu da aka kawo mana hutu ya kama tari, uwarsa ta zo ta ɗauke shi, ta ce da Turanci ba za ta sake kawo shi ba sai mun bar wurin. Bango ya yi baƙi daga ƙasa. Maiɗakina ta daina fita bakin ƙofar baya. Wata safiya bayan mun karya ta ture kofin shayi gefe.

"Malam, ka gaya wa ofishin gidaje mun yarda."

Na ce ta ƙara tunani, ko za a yi wani zaɓen abubuwa su gyaru. Ta ce ta gama tunani, gwiwarta ba za ta ƙara hawa gado da gudu ba.

Na shirya tashin a jere. Kayan ɗaki tukuna, sannan na kicin, sannan tufafi. Robobin shuka ta rabar, domin sabon wurin ba shi da inda za a ajiye su. Matan layin suka zo suka tsaya a filin baya, ba wadda ta yi doguwar magana. Alhaji bai fito ba, matarsa ta ce yana ciki, ya ce ba ya son ganin motar kwashe kaya.

Yanzu muna sama. Ɗakin a bushe yake, akwai ɗumi, lif yana aiki mafi yawan lokaci. Ba ni da abin da zan kai ƙara a kai. Maƙwabtanmu muna haɗuwa da su a lif, mu gaisa da kai. Matar Alhaji takan zo idan ta shigo kasuwa, amma sai ta buga waya, ta danna lamba a ƙasa, a buɗe mata, kafin ta iso shayin ya huce. Maiɗakina takan yi mako ba ta taka ƙasa ba.

Tagar falo tana kallon gabas. Ana ganin kogi yana lanƙwasa, kuma idan sama ta washe ana hango dogayen benayen Thamesmead. Layinmu ba ya ganuwa, ya yi ƙasa da yawa, gine-gine sun tare shi. Duk da haka takan kira ni ta ce in nuna mata daidai inda gidanmu yake. Ni mutum ne da ba na faɗin abin da ban tabbatar ba. Nakan tsaya a bayan kujerarta, in miƙa hannu ta saman kafaɗarta, in nuna wani ɗan kore tsakanin benaye biyu, in ce mata wajen can ne.